Gwajin tambayoyi da gwajin hotuna a asibitin ƙwaƙwalwa: wanne ne abin dogaro wajen sanin halin mutum?

Maman Abdul, Aboabo

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda Allah ya hore wa sani a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, domin akwai abin da ya shige mini duhu, kuma ba na so in yanke hukunci a kansa cikin jahilci. Ƙanina, wanda bai kai shekara talatin ba, ya daɗe yana fama da rashin barci da yawan zargin mutane, har ta kai ya daina zuwa garejin da yake koyon gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai. Bayan addu'o'i da ruƙiyya, mun kai shi wani asibiti a nan Kumasi ta ƙasar Gana, likita ya duba shi, sannan ya tura shi wurin wata masaniyar halayyar ɗan'adam. A zama na farko an ba shi takarda mai ɗauke da jimloli fiye da ɗari biyar, dukkansu da Turanci, aka ce kowace ya nuna ko gaskiya ce a kansa ko ba gaskiya ba ce. A zama na biyu aka riƙa miƙa masa katuna masu tabon tawada ana tambayarsa abin da yake gani, daga bisani kuma aka kawo hotunan mutane aka ce ya ƙago labari a kan kowanne.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ya gaya mini a cikin takardar akwai jimlar da ke magana a kan miyagun iskoki suna shiga jikin mutum, shi kuwa ya amsa da cewa gaskiya ne, saboda malamin da ya yi masa ruƙiyya ya ce akwai shafar aljanu. Ban da wannan, karatunsa na boko bai wuce ƙaramar sakandare ba. Hausa da Tonanci, wato harshen Twi na mutanen Asante, yake ji sosai, Turancinsa kuwa na cikin gareji ne, kuma ya ce akwai jimlolin da bai gane ba amma kunya ta hana shi tambaya. Hotunan da aka nuna masa ma na Turawa ne a cikin ɗakunansu.

Don Allah, a cikin waɗannan gwaje-gwaje biyu wanne ne likitoci suka fi dogara da shi? Takarda za ta iya yanke cewa mutum ya samu taɓin hankali saboda ya yi imani da abin da kowane Musulmi ya yi imani da shi? Ko kuwa mu roƙi a ajiye takardar a riƙi na hotunan kawai, tunda a can ne ya yi magana da bakinsa?

Ɗiyar Asawase

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri da kuka kai shi asibiti ba ku tsaya a gida ba. Wannan fannin shi ne aikina, sai dai tunda ban ga ƙaninki ba, ba zan ce komai a kan ciwonsa ba. Abin da zan iya shi ne in bayyana miki yadda kowane gwaji yake aiki, domin ki san irin tambayar da za ku yi idan kun koma.

Bisa kwatancenki, takardar tana kama da wadda ake kira MMPI-2, mai jimloli 567. Asalinta daga Jami'ar Minnesota ne a Amurka, inda Starke Hathaway da J. C. McKinley suka fitar da ita a 1943, aka sabunta ta a 1989, sannan aka fitar da gajeru daga baya, ɗaya mai jimloli 338 a 2008, ɗaya kuma mai 335 a 2020. Hikimar da aka bi wajen haɗa ta tana da muhimmanci ga tambayarki. Masu haɗa ta ba su zauna sun ce mai ciwo kaza zai amsa kaza ba. Sun tara jimloli masu yawa ne suka ba majinyatan da aka riga aka san ciwonsu, suka kuma ba mutanen da ba sa jinya, sai duk jimlar da ta bambanta rukunin biyu suka riƙe ta, ko da kuwa ba a ga wata alaƙa tsakaninta da ciwon a fili ba. Ke nan ma'anar amsar mutum ba ta cikin jimlar ita kaɗai, tana cikin kwatanta shi da waɗancan mutanen da aka ɗauka a matsayin ma'auni. Su wane ne su? A farkon lamari mutum ɗari bakwai da 'yan kai ne, yawancinsu 'yan uwan majinyata da masu zuwa dubiya asibitin jami'ar, fararen fata mazauna karkarar Minnesota. A 1989 aka sake ma'aunin da Amurkawa 2,600 daga sassa dabam-dabam na ƙasar. Har yau dai babu ɗan Aboabo ko ɗan Sawaba a cikinsu. Mai sayar da hatsi ya san cewa olonka ta kasuwar Kumasi da mudun Kano ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya auna da ɗaya ya yi lissafi da ɗayan zai cuci wani ko da bai yi niyya ba.

Yanzu ga maganar iskoki. Lalle akwai jimla irin wannan a cikin takardar. Tana cikin wani sikeli, wato rukunin jimlolin da ake haɗa makinsu wuri ɗaya, mai jimloli 60 da aka tara daga abubuwan da ƙasa da mutum ɗaya cikin goma na jama'ar ma'auni suka amsa ta wannan fuska, kuma amfaninsa shi ne a gane ko mutum ya amsa barkatai, ko bai fahimci karatun ba, ko yana ƙara wa ciwonsa gishiri, ko kuwa da gaske yana cikin matsanancin hali. Tana kuma ƙara maki ɗaya a sikelin da ke auna yawan zargi. Maki ɗaya cikin sittin ba ya mayar da kowa mai taɓin hankali, don haka ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren. Inda damuwar take shi ne idan irin waɗannan jimloli suka taru: wadda ta shafi maƙiya masu nufin mutum da sharri, wadda ta shafi abubuwan da mutum ya gani ko ya ji waɗanda ba kowa ke ganinsu ba, da waɗanda ya amsa cikin rashin fahimtar Turanci. Ana juya makin ne zuwa wani lissafi wanda 50 ne matsakaicinsa, daga 65 zuwa sama kuma ake fara ɗaga gira. Mutum lafiyayye daga Zango zai iya haura wannan iyaka a wani sikeli ba don ciwo ba, sai don an auna shi da mutanen da rayuwarsu da aƙidarsu ba irin tasa ba ce. Littattafan da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantance ciwo sun fito fili sun ce imanin da al'ummar mutum ta yi tarayya da shi a kai ba a lissafa shi a matsayin ruɗin tunani. Abin da ake dubawa shi ne ko maganarsa ta fita daga abin da mutanensa da malamansa za su gane, da kuma ko ta hana shi aiki, barci da zama da jama'a.

Maganar Turancin ta fi maganar iskokin nauyi a wurina. Takardar tana buƙatar wanda ke karanta Turanci ba tare da tuntuɓe ba, kuma akwai jimloli masu kore biyu a ciki waɗanda ke rikita ko wanda ya yi karatu mai zurfi. Idan ƙaninki ya ce akwai waɗanda bai gane ba, wajibi ne masaniyar ta ji wannan daga bakinsa kafin ta rubuta rahoto, domin yana iya sauya yadda za a karanta sakamakon gaba ɗaya.

Katunan tawada kuwa su ne na Hermann Rorschach, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya fitar da su a 1921 ya rasu shekara guda bayan haka. Guda goma ne: biyar baƙi da toka-toka, biyu da ɗan ja a ciki, uku masu launuka. Hotunan ba da labari su ne TAT, na Henry Murray da Christiana Morgan na Jami'ar Harvard, waɗanda suka fara bayyana a 1935. Tunanin da ke ƙarƙashinsu shi ne, idan aka ba mutum abin da ba shi da tsayayyar ma'ana, ma'anar da zai ɗora masa daga cikin ransa za ta fito.

A nawa ganin, takardar tambayoyi ta fi samun goyon bayan bincike nesa ba kusa ba, kuma ko wa ya yi mata lissafi maki iri ɗaya zai samu. Amma wannan fifikon yana tsayawa ne a kan sharaɗi biyu, wato mutum ya fahimci abin da ya karanta, kuma ma'aunin ya dace da shi. Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da ke yanke ciwo shi kaɗai. Likita yana haɗa su ne da hirar da ya yi da majinyaci, da bayanin iyali, da gwajin jiki.

Baba Nas, Zangon Tafo

'Yata Maman Abdul, sannu da ɗawainiya, Allah ya dubi zumuncinki. Ni tsohon nas ne na ɓangaren masu taɓin hankali, na yi aiki a kudu da kuma nan Asante har na yi ritaya. Bayanin da 'yata ta Asawase ta yi ya gamsar da ni, amma ina so in ɗan tsaya wa hotunan, domin na ga abin da suke yi da idona.

Mutanenmu ba a rene su a kan su zauna gaban baƙo su lissafa aibinsu ba. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kunya da haƙuri da rufin asirin gida, idan ka tambaye shi a takarda ko yakan ji haushin mahaifinsa, zai ce a'a, kuma a ransa ba ƙarya ya yi ba, biyayya ya yi. Baturen nan Kirk-Greene da ya yi nazari a 1974 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba ku gani, kusan dukkansu halaye ne da ake gane su a zaman mutum da jama'a, kuma jama'a ne ke shaidar mutum da su, ba shi ne ke faɗa da bakinsa ba. To takardar da ke cewa mutum ya ba da shaida a kan kansa ta riga ta nemi abin da tarbiyyarmu ta hana. Na san a cikin takardar akwai wani ɗan sikeli mai jimloli 15 da ke kama wanda ya musanta ƙananan laifuffukan da kowa ke yi, irin su ɗan tsegumi ko fushi, a ce yana gyara kansa a idon likita. Almajirin da ya tashi yana jin wa'azi a kan giba da annamimanci zai iya faɗawa cikin wannan tarko da zuciya ɗaya.

Amma ka miƙa wa wannan yaron hoto ka ce ya ba ka labarin wanda ke ciki, sai ka ji bakinsa ya buɗe, domin a ganinsa ba kansa yake tona wa asiri ba. Na sha zama a gefe ina ji majinyacin da ya yi makonni ba ya cewa komai sai "lafiya lau" ya ɗauki hoto ya ba da labarin wani yaro da kishiyar uwa ke hana wa abinci, ko wani magidanci da bashi ya yi wa katutu yana tunanin barin gari. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a lokacin ba da irin wannan labari ne fuskar ke magana.

Akwai kuma abin da takardun Turawa ba su cika kamawa ba, wato yadda muke faɗin damuwa da harshen jiki. Mutum ba zai ce maka yana baƙin ciki ba. Zai ce kansa na zafi kamar an hura wuta, ko wani abu na yawo a ƙarƙashin fatarsa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Wannan ne ya sa Peter Ebigbo a Enugu ya haɗa nasa ma'aunin a farkon shekarun 1980 daga irin koke-koken da majinyatan Nijeriya ke kawowa da bakinsu.

Abin da nake jin tsoro shi ne laƙabi. Gustav Jahoda, wanda ya koyar a ƙasar nan kafin samun 'yancin kai, ya buga wani nazari a 1954 a kan sunayen rana na Tonawa. Su a wurinsu Kwadwo, haifaffen Litinin, mai sanyin hali ne, Kwaku na Laraba kuwa mai rigima ne. Da ya duba bayanan kotun yara sai ya tarar 'yan Litinin sun yi ƙaranci, 'yan Laraba kuma sun yi yawa a laifuffukan faɗa da duka. Ranar haihuwa ba ta yin hali, abin da mutane ke tsammani daga yaro ne ke bin sa har ya zama shi. Idan sunan rana zai yi haka, ina ga kalmar da aka rubuta a fayil ɗin asibiti, wadda za ta bi saurayi har wurin neman aure?

Malamin Sawaba

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Abin da ka faɗa a kan kunya da harshen jiki gaskiya ne da babu mai ja da shi, kuma maganar laƙabi ta shiga raina. Sai dai ina roƙon izininka in saɓa maka a kan hotunan, domin ina koyar da hanyoyin bincike, kuma ina ganin haɗarin laƙabin da kake tsoro ya fi yawa a can.

Ana yawan zaton hoto ba shi da harshe, alhali karanta hoto ma abu ne da ake koya. William Hudson ya nuna haka a Afirka ta Kudu a 1960 da zanensa na maharbi da giwa da barewa, inda mutane da dama da ba su saba da zanen littafi ba suka ɗauka giwar da aka zana ƙarama don a nuna nisanta ita ce ke kusa da mashin. A 1966 Mundy-Castle ya maimaita irin wannan gwaji da yaran Gana ya sami abu mai kama da haka. Daga baya wasu masana sun nuna cewa wani kaso na laifin na zanen ne da yadda aka yi tambayar, wanda kuma shi ma yana ƙarfafa maganata: abin da ya fito daga hoto ya danganta da wanda ya zana da wanda ya tambaya. Katin farko na TAT yaro ne Bature yana kallon gogen Turawa a kan tebur. Ɗan Amurka na wancan zamani ya san iyaye kan tilasta wa yara koyon wannan kayan kiɗa, don haka labarin buri da matsin iyaye zai zo masa da sauƙi. Ɗan gareji a Magazin kuwa sai ya fara da tunanin mene ne wannan abu, kuma gajeren labarin da zai bayar ana iya rubuta shi a matsayin ƙarancin tunani ko rufe zuciya. Su kansu Amurkawa sun ga matsalar, shi ya sa a 1949 aka sake zana katunan da fuskokin baƙar fata, amma sauya launin fata bai sauya ɗakin da kayan da ke cikinsa ba.

Babbar matsalar tana wurin mai fassara. A 1967 Loren da Jean Chapman sun ba ɗalibai zane-zanen mutum da majinyata suka yi, suka liƙa wa kowane zane bayanin ciwo ba tare da wani tsari ba, yadda babu wata alaƙa ta gaskiya tsakanin zane da ciwo. Duk da haka ɗaliban suka ce sun lura masu yawan zargi suna zana idanu na daban, wato daidai abin da ƙwararrun likitoci suka daɗe suna cewa sun lura da shi. Ido yana ganin abin da zuciya ta riga ta yi tsammani, ko da na ƙwararre ne.

An yi ƙoƙarin ɗaure katunan tawada da ƙa'ida. John Exner ya fitar da tsarinsa a 1974, wani sabon tsari kuma ya biyo baya a 2011. Amma a ƙarshen shekarun 1990 an gwada lafiyayyun mutane a Kalifoniya da ma'aunin Exner, sai da yawansu suka fito kamar masu ciwo. Idan haka ta faru a ƙasar da aka haɗa ma'aunin, mu yi tunanin ɗan mahauci da ya tashi yana taya mahaifinsa fiɗa a mayanka. A nuna masa kati mai ja, ya ce ya ga huhu da hanta da jini, amsar da a littafin fassara take jawo hankali, shi kuwa abin da yake gani kowace safiya ya faɗa.

Mu Hausawa ma an taɓa auna mu da irin wannan hanya. A 1966 Robert LeVine ya buga binciken da ya yi a kan 'yan sakandare a Nijeriya, inda aka sa su rubuta mafarkansu aka ƙirga alamun burin cin nasara a ciki. Ibo suka zo a sama, Yarabawa a tsakiya, Hausawa a ƙasa. Ni tambayata ita ce, wa ya yanke abin da ake kira buri? Mu da kakanninmu suka taka daga Kano da Katsina har Salaga da Kumasi suna fataucin goro, muna da hujjar tambayar ko ma'aunin ya san irin namu burin.

Adalci dai shi ne in faɗi cewa wani babban nazari da Joni Mihura da abokan aikinta suka buga a 2013 ya bi sassa 65 na tsarin Exner ɗaya bayan ɗaya, ya tarar waɗanda ke auna rikicewar tunani da yadda mutum ke fahimtar abin da ya gani suna da hujja mai ƙarfi, wasu da dama kuma hujjarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Maman Abdul, Aboabo

Na gode ƙwarai, Baba da Malam da ƙanwata ta Asawase, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa roƙon a ajiye takarda a riƙi hotuna ba shi ne mafita ba. Saura tambaya ɗaya. Idan aka ce za a sake masa gwajin tambayoyin, zai yiwu in zauna kusa da shi in riƙa fassara masa da Hausa, tunda ni na yi karatu fiye da shi? Kuma ina da ikon in nemi a nuna mini rahoton?

Ɗiyar Asawase

Yaya, niyyarki mai kyau ce, amma ina ba ki shawara kada ki yi. A cikin jimlolin akwai na sha'awa, na shaye-shaye, na tunanin kashe kai da na saɓani da 'yan uwa, kuma babu ƙanin da zai amsa waɗannan da gaskiya yayarsa na zaune tana ji. Kunyar da Baba ya yi bayani za ta ninku. Ban da haka, fassarar da aka yi nan take da baki tana sauya jimlar, kuma da zarar jimla ta sauya, ma'aunin da aka gina a kanta ya daina aiki. Fassarar gwaji ta gaskiya aiki ne mai tsawo: wasu su juya shi zuwa Hausa, wasu dabam da ba su ga asalin ba su mayar da shi Turanci a ga inda ma'ana ta zame, a gwada shi a kan mutane, sannan a tara sabon ma'auni daga masu jin harshen. Hausar ma sai an tambaya wacce, domin ta Zango ta sha bamban da ta Kano a kalmomi da dama. An yi irin wannan aiki a ƙasar nan ga gajerun ma'aunai. Masu bincike a cibiyar binciken lafiya ta Kintampo sun gwada wasu da Tonanci a kan mata masu jego, suka buga sakamakon a 2009, inda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9 ya fi sauran kama masu ciwon damuwa. Karanta wa mutum tambayoyin hali da baki ma yana da nasa cikas: wani nazari na 2019 da ya haɗa bayanai daga ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin arziki ya nuna cewa idan aka yi tambayoyin fuska da fuska, amsoshin ba sa rabuwa zuwa rukunan hali biyar da aka saba samu a Turai da Amurka, kuma wanda ya yi tambayar yana tasiri a kan amsar.

Idan Turancin ya gagara, abin da ya fi shi ne a bar doguwar takardar a faɗaɗa hira, da tafintan da ba ɗan gida ba ne wanda aka ɗora wa amanar sirri. Tun 2013 akwai tsararrun tambayoyi 16 da aka tanada domin a ji yadda majinyaci da danginsa suke fassara ciwon, da inda suka riga suka nemi magani, kuma a nan ne maganar ruƙiyya da shafar aljanu za ta sami wurin zamanta. A kan hotuna kuwa, ina tsakanin Baba da Malam. Nakan yi amfani da su yadda Baba ya kwatanta, domin su buɗe baki, sannan in tambayi mutum kai tsaye ko labarin ya taɓa rayuwarsa. Abin da ba na yi shi ne in ɗora ciwo a kan labari ba tare da wata shaida ba. Don Allah kada kowa ya nemo masa katunan a intanet, domin ganinsu da karanta amsoshin wasu yana ɓata gwajin idan an buƙaci sake shi.

Game da rahoto, nasa ne, tunda baligi ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta kare sirrin majinyaci ta kuma ba shi haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa da maganinsa, don haka idan ya yarda sai ku shiga tare a yi muku bayani. Yana da damar tambayar da wane ma'auni aka kwatanta shi, ko an yi la'akari da ƙarancin Turancinsa, da kuma ko mai gwajin tana da rajista da hukumar da ke kula da masana halayyar ɗan'adam ta Gana, wadda dokar 2013 mai lamba 857 ta kafa.

Inda za ki fi amfani shi ne wurin ba da tarihi, domin shi ne abin da babu gwajin da zai bayar. Ki rubuta lokacin da rashin barcin ya fara, da abin da ya faru a gida ko a gareji gabanin haka, da ko zargin ya tsaya a kan mutum ɗaya ko ya game kowa, da ko yakan yi magana shi kaɗai, da ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. Idan kin san yana shan wiwi ko tiramol ko maganin ƙarfin aiki, ki faɗa ba tare da ɓoyewa ba, domin waɗannan kaɗai suna iya haifar da rashin barci da zargi, kuma maganinsu dabam ne. Kada ku jira rahoton gwajin kafin ku koma wurin likita a ranar da ya ba ku, kuma idan ya fara maganar cutar da kansa ko wani, ku kai shi sashen gaggawa a ranar.